Ƙararrawar Tsaron Gida Marar Waya

Ƙararrawar tsaro na'ura ce mai yin kuwwa idan aka buɗe ƙofa ba da izini ba. Da batir take aiki, saboda haka ta dace da gari irin Kanan Bakashe, a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, ko da gida ba shi da lantarki.

Kashi uku gare ta: maganaɗisu, da na'urar aika saƙo, da akwati mai ƙara.

Yadda ake kafa ta:

1. A fara da ƙofar shago ko ta ɗakin hatsi.
2. A liƙa maganaɗisun a ƙyaure, na'urar kuma a bango daura da shi. Kada tazararsu ta wuce santimita 1.
3. A rataye akwatin kusa da ɗakin kwana, inda hannun yara ba ya kaiwa.
4. A buɗe ƙofar a gwada, domin katanga mai kauri da ƙyauren ƙarfe suna raunana saƙon.

A riƙa share ƙurar hunturu, a duba batir kowane wata.

Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, tashin mutane take yi. Don haka a sanar da maƙwabta kukanta, kuma kada mutum ya fita shi kaɗai da dare.