Fim ɗin Tarihi a Ƙasar Hausa: Daga Kanta na Kebbi zuwa Amina

Fim ɗin tarihi a ƙasar Hausa ya samo asali ne daga hannun hukuma. A zamanin mulkin mallaka, motocin majigi ne ke zagaya garuruwa suna nuna finafinan wayar da kai a kan noma da kiwon lafiya. A wannan fage Adamu Halilu ya ƙware, kuma shi ne ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas.

A 1978 Adamu Halilu ya waiwayi ƙasar Sakkwato da fim ɗin Kanta na Kebbi, lokacin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1991 aka ba ta jiharta. Muhammadu Kanta jarumi ne na ƙarni na 16 wanda ya yi wa Askiya na Songhai tawaye, ya kafa daular Kebbi, ya gina birnin Surame, wanda kufansa da ragowar ganuwarsa ta dutse suke nan har yau a yammacin Sakkwato. Labarinsa ya haɗa duk abin da fim ɗin yaƙi ke buƙata: dawakai, 'yan baka, kwalkwali da sulke.

Sai dai a Sakkwato tarihi a rubuce yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Kanta da Sarauniya Amina ta Zazzau a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu tana ajiye da tsofaffin takardu da kayan yaƙi. Mai shirya fim yana gaban masu kallon da za su iya gwada aikinsa da abin da malamai suka rubuta.

Wannan awo ya fito fili a kan Amina, fim ɗin Izu Ojukwu da Netflix ta saki a 2021. An yaba girman aikin da fagagen yaƙinsa, har ya lashe kyautar gwarzon fim a gasar AMVCA ta 2022. Amma Hausawa da dama sun yi ƙorafin cewa akasarin maganganunsa da Turanci ne, kuma tufafi da al'adun da aka nuna sun yi nesa da na Zazzau.

Irin wannan muhawara ta faru a kan Apocalypto, fim ɗin Mel Gibson na 2006 game da mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya. An shirya shi da harshen Maya na Yukatan, an yaba ɗaukar hotonsa, ya kuma shiga takarar kyautar Oscar a fanni 3. Duk da haka masana suka soke shi saboda cakuɗa zamunna mabambanta da kambama yanka mutane, tare da watsi da ilmin taurari, lissafi da rubutun Maya.

Ajiyar finafinan ma ta zama matsala. Shaihu Umar ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.