Tarihin Haɗa Taskokin Lissafi na Kwamfuta da Rarraba Su, 1971 zuwa 1985

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a waiwayi wani ɓangare na tarihin kwamfuta wanda ba a cika kula da shi ba, wato yadda masana lissafi suka koyi ƙunshe ayyukansu su aika wa waɗansu. Abin da ake nufi da taska a nan shi ne tarin ƙananan umarce-umarce da aka riga aka rubuta, aka jarraba, waɗanda mai bincike zai kira a cikin nasa aikin ba sai ya sake rubuta su ba. A ganina, lissafin bai wahalar da waɗannan masana ba kamar yadda saɓanin na'urori ya wahalar da su.

2.0 Tushen Matsalar

A wancan zamani kowane kamfani da irin mudunsa. IBM 360 tana ajiye lamba a gurabe 32, PDP-10 a 36, CDC 6600 kuwa a 60. An daidaita harshen Fortran a 1966, amma kowane kamfani sai da ya ƙara masa nasa karin, abin da malaman harshe da ke wannan zaure ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. Idan umarni ya ƙi aiki a sabuwar na'ura, da sauƙi, domin mai shi zai gani. Babban haɗarin shi ne ya yi aiki lami lafiya ya ba da amsar da ba daidai ba, injiniya kuma ya ɗora gini a kanta.

3.0 Hanyoyin da Aka Bi

A 1971 J. H. Wilkinson da C. Reinsch suka fitar da kundin dabarun lissafin aljabara a harshen Algol. Cibiyar bincike ta Argonne, kusa da Shikago a Amurka, ta mayar da wani sashe nasa zuwa Fortran, ta fitar da shi a 1972 da sunan EISPACK, bayan an jarraba shi a jami'o'i da dama. Sai dai a cikin umarce-umarcen akwai wata lamba mai nuna iyakar ƙididdigar na'ura, wadda dole a canza ta gwargwadon na'urar da za a yi aiki da ita. Saboda haka kowace na'ura da kwafinta, kuma a faifan tef ake aikawa ta gidan waya.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta taskar PORT ta Bell Labs, wadda P. Fox da A. Hall da N. Schryer suka bayyana a 1978. Maimakon a bar bambancin na'urori a warwatse, sai suka tattara shi a ƙananan umarni uku: I1MACH da R1MACH da D1MACH. A cikinsu aka jera lambobin kowace na'ura, aka sa harafin C a farkon kowane layi, wanda a Fortran ke nuna cewa layin sharhi ne kawai. Wanda taskar ta isa gare shi zai nemo sunan na'urarsa, ya goge C daga layukanta, shi ke nan. Sauran taskar ba ya taɓa ta. Mai gaggawa zai raina wannan dabara, alhali ita ce ta raba abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa.

LINPACK, wadda J. Dongarra da J. Bunch da C. Moler da G. W. Stewart suka fitar da littafin jagorarta a 1979, ta ƙara gaba. Ba ta ɗauke da lambar wata na'ura ko ɗaya, kuma aikin da ke cin lokaci an miƙa shi ga wata ƙaramar taska mai suna BLAS, wadda kowane kamfani zai iya gyara wa na'urarsa ba tare da ya dagula sauran ba. Wani abin mamaki, jadawalin lokutan gwaji da aka liƙa a ƙarshen littafin shi ya zama ma'aunin saurin manyan kwamfutoci, wanda jerin TOP500 ya ɗauka a 1993.

4.0 Daga Tef zuwa Wasiƙa

Saura batun rarrabawa. Mai bukatar umarni guda sai ya jira tef ɗin taska sukutum. A 1985 Dongarra da E. Grosse suka buɗe netlib a Argonne da Bell Labs: mutum ya aika gajeriyar wasiƙa ta kwamfuta ya ambaci umarnin da yake so, na'ura ta maido masa da shi haɗe da duk sauran umarnin da ya dogara a kansu, ba ko sisi. A wannan shekara ce kuma aka tabbatar da ƙa'idar IEEE 754, wadda sannu a hankali ta sa mudun na'urori ya zama ɗaya. Kafin ta game ko'ina, wanda D1MACH ta zo masa a wasiƙa sai ya zauna ya goge harafin C da hannunsa.