Jimmy Blanton da Muryar Bas a Kiɗan Jaz

Kafin shekarar 1939, aikin mai kaɗa bas a ƙungiyoyin jaz na Amurka galibi bai wuce riƙe taki ba. Bas ɗin nan babban goge ne mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa, makaɗi ya tsaya a bayansa yana fizgar tsirkiyar da yatsa. Bugu huɗu a kowane zagaye, sauti ɗaya a kowane bugu, shi ke nan. Walter Page na ƙungiyar Count Basie ya ƙware a wannan matuƙa, sai dai masu sauraro sun fi jin sa a ƙirji fiye da a kunne.

Jimmy Blanton, haifaffen Chattanooga a jihar Tennessee a 1918, da ƙaramin goge na Turawa ya fara tun yana yaro kafin ya koma bas, kuma ina ganin daga nan hannunsa ya samo saurin nan da kunnensa ya saba da bin karin waƙa. A birnin St. Louis Duke Ellington ya ji shi a 1939, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa.

A saurari "Jack the Bear" na 1940. Tun daga buɗewa, ƙaho da kakaki ne ke amsa wa bas, Blanton yana gaba. Yana raba bugu ɗaya gida biyu ko huɗu, ya hau sama ya gangaro, kowane sauti a cike, da tsawonsa, ba ya haɗiye ko ɗaya. A faya-fayen da suka yi su biyu rak da Ellington a kan fiyano cikin wannan shekara, irin su "Pitter Panther Patter" da "Mr. J.B. Blues", yakan kuma ɗauki baka ya goga tsirkiya, ya ja jimla yadda mai busa saksofon zai ja ta.

Masu nazari sun fi damuwa da waɗannan wurare da yake kiɗa shi kaɗai. A nawa ra'ayin, babban gadonsa yana cikin "Ko-Ko" da sauran kiɗe-kiɗen da yake ƙarƙashin ƙungiya: bai taɓa sakin taki don ya nuna gwaninta ba, yana zaɓar sautukan da ke ƙulla wannan gaɓa da ta gaba, har layin ƙasan ya zama waƙa mai cin gashin kanta. Ellington ma ya cancanci yabo, domin shi ya rubuta kiɗan da ya ba shi fili.

Tarin fuka ya raba shi da ƙungiyar a 1941, ya rasu a Kalifoniya a 1942 yana da shekara 23. Makaɗan bas irin su Oscar Pettiford da Ray Brown da Charles Mingus duk a kan turbarsa suka taso, kuma a 1972 Brown da Ellington suka naɗi faifai su biyu, suka sa masa suna "This One's for Blanton".