Me ya sa harsashin bindigar kaboyi ba ya da tsini?

Duk wanda ya taso da kallon finafinan kaboyi ya san bindigar nan mai mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama: a danna mariƙin ƙasa, kwanso ya fice, a maido shi sama, sabon harsashi ya hau. Har yau maharba a Amurka da Kanada suna shiga daji da ita. Abin da ya ja hankalina shi ne harsashinta. Idan maharbi ya shiga kanti zai saya, kusan duk kwalin da za a miƙo masa harsashi ne mai dakusasshen kai, ko shafaffe ko mulmulalle, alhali na sauran bindigogin zamani tsini gare shi kamar fensir. Dalilin yana da tarihi, kuma wanda ya jahilce shi yana iya rasa yatsunsa.

A 1860 wani maƙeri mai suna Benjamin Tyler Henry ya ƙera bindiga a masana'antar Oliver Winchester da ke birnin New Haven. Shi Winchester asalinsa ɗan kasuwa ne da ya yi arziki da ɗinkin riguna. Dabarar bindigar ita ce wani dogon bututu a ƙarƙashin bututun harbi, wanda za mu kira rumbu, inda harsashi 15 ke jere, kan wannan a gindin wancan. Harsashin Henry sinadarin da ke ta da wutarsa a gefen gindi yake. Amma a 1873 kamfanin ya fito da harsashin .44-40, wanda ɗan ƙyastunsa ke daidai tsakiyar gindi. Daga nan lissafi ya canza. Kan kowane harsashi yana tokare da ƙyastun na gabansa, kuma duk harbi bindiga takan yi naushi da baya. Idan kan mai tsini ne, ya zama tamkar ƙusa a kan ƙyastu, rumbun yana iya tashi a hannun mai riƙe da shi. Shi ya sa masana'antu suka daidaita a kan shafaffen kai na dalma mai taushi.

Faransawa ma sun ci karo da wannan matsala. A 1884 Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 aka fito da bindigar Lebel, wadda ita ce ta sojan Faransa a shekarun da suka shigo Damagaram. Ita ba ta da mariƙin kaboyi, amma rumbunta bututu ne mai cin harsashi 8. Da suka so harsashi mai tsini a 1898, sai suka fafe wani ɗan zobe a gindin kwanso kewaye da ƙyastu, domin tsinin na baya ya faɗa cikinsa. Amurkawa kuwa suka bi wata hanyar: Winchester ta 1895 da Savage ta 1899 sun bar bututu gaba ɗaya, kowane harsashi da mazauninsa. Da irin ta 1895 ce Theodore Roosevelt ya yi farauta a Gabashin Afirka a 1909. Sai dai talakan maharbi bai bi su ba.

Abin da ya bi shi ne Winchester ta 1894, ƙirar John Browning, wadda aka ƙera sama da miliyan 7. A 1895 aka yi mata harsashin da duniya ta sani da .30-30, ɗaya daga cikin na farko na farauta masu albarushi marar hayaƙi a Amurka. Sunan kansa darasi ne, nakan so in ba ƴan ajina irinsa idan muna awo. Talatin na farko faɗin bakin bindiga ne, kashi 30 cikin 100 na inci, wajen milimita 7 da rabi. Na biyu nauyin albarushi ne da wani tsohon ma'aunin Ingila da asalinsa ƙwayar hatsi ce. 30 ɗinsa bai cika giram 2 ba. Winchester da sunanta ta kira harsashin, abokan gogayyarta irin su Marlin ne suka ƙi buga sunan kishiya a jikin hajarsu, suka ce .30-30, kuma nasu sunan ne ya zauna.

To, yau me maharbi zai zaɓa? Shekara da shekaru gardamar tsakanin nauyi biyu take: mai lamba 150 a kwali, wato wajen giram 9,7, da mai lamba 170, wajen giram 11. Na farko yana fita da gudun kusan mita 730 a daƙiƙa, na biyu kusan 670. Mai sauƙin ya fi miƙewa a iska kuma ya fi saurin bajewa a jikin dabba, ya dace da barewarsu mai farar wutsiya. Mai nauyin ya fi nutsewa, shi ake so ga aladen daji da dabba mai ƙashi. Dukansu biyu dakusasshen kai ne ke cin su: iska tana rage musu gudu da wuri, bayan mita 150 zuwa 200 sun fara faɗuwa sosai, ƙarfinsu ya ragu. Wanda ya yi harbi fiye da haka sau da yawa rauni kawai zai yi wa dabba, ta gudu ta mutu a inda ba wanda zai amfana da namanta.

A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Hornady na jihar Nebraska ya kawo amsar da aka jira fiye da ƙarni: harsashi mai tsini, amma tsinin na roba ce mai taushi, tana lotsawa a cikin rumbu ba ta fasa ƙyastu. Hakan ya ƙara wa tsohuwar bindiga nisa. A ganina dabara ce mai kyau, amma ana zuzuta ta. Yawancin masu wannan bindiga cikin kurmi suke farauta, inda da wuya ka hango dabba fiye da mita 100, kuma da yawa da saitin ƙarfe suke auna, ba madubi. A irin wannan wuri tsohon 170 bai gaza ba. Abin da ya fi muhimmanci, kowace bindiga da harsashin da take shiri da shi, sai an gwada kwali biyu ko uku a jikin takarda kafin a sani.

Inda zaɓin ya fi haɗari shi ne babban harsashin .45-70, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1873. Tsofaffin bindigogin wancan zamani suna nan a hannun jama'a, don haka manyan masana'antu sukan sassauta masa albarushi. Wasu ƙananan kamfanoni kuma suna cika shi da ƙarfi domin Marlin ta zamani, su rubuta gargaɗi a kwali. Suna ɗaya, girma ɗaya, yana shiga kowace, amma tsohuwa ba za ta iya ɗauka ba. Doka ma ta shiga zancen: tun Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma, musamman saboda wata ƙatuwar ungulu da ke mutuwa idan ta ci ragowar naman da dalma ta watsu a ciki. Maharbin can sai na jan ƙarfe.

Mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu? A daidai shekarun da Winchester ke gina masana'antarsa, Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, yana sa ana haɗa albarushi da ƙera igwa a Zinder, bindigogi kuma suna zuwa masa ta hanyar Tarabulus. Sai ga taron Brussels na 1890, inda ƙasashen Turai suka amince su taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsashinsu a Afirka, daga layin digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu. Zinder tana wajen digiri 14, Agadas wajen 17, duk muna ciki. Abin da aka bari a sayar wa ɗan ƙasa shi ne bindiga mai ƙyastun dutse da albarushin kasuwa. Shekara 5 bayan haka manomin Amurka ya samu .30-30 a kanti, an auna masa komai an rubuta a kwali. Maharbinmu kuwa ya ci gaba da bindigar maƙerin gari, yana auna albarushi da ido, yana ɗura shi ta baki, yana dannewa da tsumma.