'Yan mishan a arewacin Togo: aikin da ba a san gobensa ba

Limaman Katolika na ƙungiyar Steyl sun sauka Lome a watan Agustan 1892, amma sai a 1913 suka kafa tasharsu ta farko a arewa, a Aledjo, kan tsaunukan da ke tsakanin Sokode da Kara. Ba nisa ne ya jinkirta su shekara ashirin ba. Gwamnatin Jamus ce, a zamanin Gwamna Zech, ta rufe musu arewa a 1907, domin ba ta son abin da zai ɓata tsakaninta da sarakunan Musulmi irin na Paratao, waɗanda mahayansu suka taya ta cin ƙasar. Da aka buɗe ƙofar kuma, ko shekara biyu ba su yi ba yaƙi ya ɓarke. Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina ranar 26 ga Agusta 1914, kuma kafin ƙarshen yaƙin an kwashe limaman Jamus daga ƙasar baki ɗaya. Wannan ne hoton rayuwar ɗan mishan a yankin: yana kwana da shirin gina aji ko koyon harshen Tem, ya wayi gari wata takarda daga Lome ko Turai ta rushe shirin.

Akwai masu cewa mishan da mulkin mallaka ɗanjuma ne da ɗanjummai, don haka batun rashin tabbas ƙari ne kawai. Maganar tana da nauyi, domin ba a shiga arewa sai da izinin hukuma, kuma makarantun mishan sun yi wa gwamnati renon akawu da tafinta. Sai dai wannan dogaron shi ne ainihin tushen rashin tabbas ɗin. Wanda ya shigo da izinin gwamna, faɗuwar gwamnan tana tafiya da shi. Limaman Faransa na ƙungiyar Lyon da suka gaji aikin sun tarar da Sokode gari ne na Musulmi, inda unguwar Didaure ta daɗe tana karɓar fataken Hausawa masu bin hanyar goro zuwa Gonja. Da aka ware yankin Sokode a tsarin coci a 1937 ƙarƙashin Joseph Strebler, sannan aka fitar da Dapango daga cikinsa a 1960 aka damƙa wa Barthélemy Hanrion, mabiyan da aka samu galibi daga Kabiye da Nawdeba da Moba suka fito, ba daga mutanen Tem da hedikwatar Sokode ke zaune a tsakiyarsu ba. Mazaunin unguwar Kpangalam ko Zongo a Sokode ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Wani zai ce ai fataken nan ma sun sha zazzaɓi da 'yan fashi da ambaliyar kogi a hanya ɗaya, ba wanda ya rubuta wahalarsu. Gaskiya ne, kuma rashin adalci ne na tarihi. Bambancin shi ne falke yana iya juya akalar jakinsa, shi kuwa mai asibiti ko makaranta ya ɗaure kansa da wuri ɗaya da mutanen da ke jiransa kullum. A farkon 2016, shekara guda da buɗe asibitin mishan na Baptis a Mango, zazzaɓin Lassa ya kama Ba'amurken da ke jagorantar aikin jinya a wurin, aka kai shi Jamus ya rasu a can. Tun daga 2022 kuma yankin Savanes, inda Dapaong (wato Dapango) take, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso. Yanzu limamai da 'yan sista 'yan Togo ne akasari ke tashi da safe ba su san ko hanyar ƙauye za ta biyu ba.