Ma'aunin Gwani: Daga Darar Ƙasar Adar zuwa Ces na Gaggawa a Intanet

Garhanga ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Keita, cikin jihar Tawa, a tsakiyar ƙasar duwatsu da kwaruruka wadda ake kira Adar, wadda ta miƙa har Buza da Madawa. Ƙasa ce da Hausawa manoma da Abzinawa suka daɗe suna cuɗanya a cikinta, musamman tun shekarar 1674 lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace ta daga hannun Kabi, kuma shekararta a rabe take gida biyu: damina gajera wadda ba ta barin kowa ya zauna, da rani mai tsawo wanda ke tura samari cin rani, ya bar dattawa da waɗanda ba su tafi ba a inuwa. A cikin wannan zaman rani ne wasan dara ya samu gindin zama, kuma tare da shi aka samu wata tsohuwar hanya ta sanin wane ne gwani da yadda ake zama gwani, wadda ya kamata a fahimce ta kafin a yi maganar matashin yau da ke buga ces na minti uku a wayar hannu yana kallon lambarsa tana hawa tana sauka.

Darar da ake nufi a nan ita ce ta jeri, wadda Zabarmawa ke kira dili, ba ta zuba tsakuwa gida-gida ba. Ana tona gurabu talatin a ƙasa, layi biyar mai gida shida-shida, ko da yake wasu wuraren suna faɗaɗa filin, sai kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki tsinken kara, ɗaya kuma tsakuwa ko busasshen kashin raƙumi, domin kada su rikice. Wasan kashi biyu ne. A kashi na farko ana kasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an yarda kowa ya jera uku ba, har sai ashirin da huɗu sun zauna, gida shida kacal suka rage babu kowa. A kashi na biyu kuma ana gusar da ɗa zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya ko gefe, kuma duk wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, wato ya cire ɗa guda na abokin karawarsa, alhali jerin huɗu ba ya ci. Wanda aka rage masa 'ya'ya har ya kasa jera uku shi ne aka cinye. Babban abin da gwani ke nema shi ne tsarin da zai sa ɗa guda ya riƙa kai da komo tsakanin gida biyu yana cika jeri a kowane taku, domin da zarar an kafa shi, wasa ya ƙare ko da sauran 'ya'ya na nan a ƙasa.

Daga waɗannan dokoki ake gane inda ma'aunin gwaninta yake. Wanda bai iya ba yana ɗaukar kasawa a matsayin share fage, yana jiran lokacin ci, shi kuwa wanda ya iya ya san cewa a kasawar ake yanke hukuncin wasan, domin gidaje shidan da za a bari a buɗe su ne ƙofofin da duk wani motsi zai bi. Saboda haka 'yan kallo, waɗanda ke durƙushe kewaye da gurabun, ba sa jiran ƙarshe kafin su san matsayin mutum: suna duba inda ya sa ɗansa na biyar ko na shida, suna duba ko ya toshe wa kansa hanya, kuma idan kwaɗayin ci guda ya sa ya buɗe wa abokinsa ƙofar ci uku, nan take za a ce dara ta ci gida. Idan wasa ya ƙare ba a share gurabun nan da nan. Wani dattijo zai miƙa hannu ya mayar da tsinke biyu inda suke ɗazu, ya nuna da yatsa gidan da ya kamata a tare, a yi musu, a sake gwadawa. Wannan bitar da ake yi a kan ƙasa, a gaban shaidu, ita ce makarantar dara. Masanin wasannin allo R. C. Bell ya bayyana wannan wasa a littafinsa na 1960 kamar yadda Dakarkari na ƙasar Zuru ke buga shi, kuma abin da aka ruwaito game da gwanayensa shi ne cewa sukan bi ƙauyuka suna neman wanda zai kara da su, suna kuma koya wa 'ya'yansu dabarun da suka gada. Matsayin ɗan wasa a wannan tsari suna ne da ke bakin mutane, wanda ake samu da wuya, kuma ba ya zubewa saboda faɗuwar yini guda.

Wasan ces ya biyo wata hanya daban, amma shi ma ya fara da irin wannan ma'auni na ido da shaida. Ya samo asali a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranji, kuma a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka fara rubuta ilminsa. Al-Adli ya wallafa littafinsa wajen shekara ta 840, kafin Ar-Razi ya doke shi a gaban Halifa Mutawakkil, sannan As-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya doke Al-Mawardi a fadar Halifa Muktafi ya zama abin buga misali. Waɗannan masana sun kasa 'yan wasa daraja biyar, mafi girma su ne aliyat, masu bi musu kuma mutaƙaribat, wato na kusa, kuma abin da ke raba daraja da daraja shi ne rangwamen da gwani zai iya yi wa mutum ya kuma ci shi: wani a bar masa ƙaramin soja, wani a bar masa doki, na ƙarshe a bar masa rukh, wanda shi ne mafi ƙarfin 'ya'yan allon a wancan zamani. Sun kuma bar kayan horo iri biyu, ta'abiyat, wato tsare-tsaren buɗe wasa, da mansubat, wato wasan da aka tsayar a wani matsayi aka ce wa ɗalibi ya nemo hanyar ci. Duk mai nazarin wannan fanni zai ga cewa tsakanin ta'abiyar Bagadaza da kasawar Adar tunani ɗaya ne, cewa abin da aka shimfiɗa da farko shi ke haifar da abin da zai biyo baya.

Shaɗaranji ya tsallako Sahara, domin a fadar Barno an buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi, wanda C. K. Meek ya rubuta bayaninsa a 1934, inda 'ya'yan allon suka ɗauki sunayen sarautun Barno kamar Mai da Ciroma da Kaigama. Sai dai ya tsaya a matsayin wasan fada, bai bazu cikin talakawa ba, kuma da alama matsayin malamai yana cikin dalilan hakan, tun da an ruwaito ƙyamar Imamu Malik gare shi a cikin Muwaɗɗa, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma, wadda kusan kowane ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa ke karantawa, ta hana shi. Dara ba ta buƙatar allo ko sassaƙaƙƙun 'ya'ya, ƙasa da kara sun wadatar, shi ya sa ita ce ta riƙe dandali a Adar, ces kuwa sai a zamanin makarantun boko ya shigo, a sifarsa ta Turai wadda aka sauya wa dokoki a ƙarshen ƙarni na 15.

Abubuwa biyu ne suka raba ma'aunin Turai da na dandali, agogo da lamba. An fara ƙayyade lokacin tunani da agogon yashi a karawar Anderssen da Kolisch a Landan a 1861, aka kawo agogo mai fuska biyu a gasar Landan ta 1883, kuma daga ranar da lokaci ya zama abin da ake iya rasa wasa saboda shi, sauri ya zama ɓangare na gwaninta. Lambar kuwa aikin Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziya haifaffen Hangari mazaunin Amurka, wanda hukumar ces ta Amurka ta karɓi tsarinsa a 1960, hukumar duniya ta FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta bi sahu a 1970. Tsarin yana hasashen sakamako ne daga ratar da ke tsakanin lambobi biyu: wanda ya ɗara abokinsa da maki 200 ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na makin wasanninsu, idan ya samu fiye da haka lambarsa ta hau, idan ya gaza ta sauka. A 1995 Mark Glickman ya ƙara wa tsarin ma'aunin rashin tabbas, ta yadda lambar sabon shiga ke tsalle da yawa, ta wanda ya daɗe yana wasa kuma ta natsu, kuma wannan tsari na Glicko shi ne manyan dandalolin intanet ke amfani da shi a yau.

An fara buga ces ta intanet a bainar jama'a a 1992, Chess.com ya buɗe a sifarsa ta yanzu a 2007, Lichess kuma, wanda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ne baki ɗaya. Daga cikin abin da ya fi karɓuwa a cikinsu akwai wasan walƙiya, wato wanda kowane ɗan wasa ke da minti uku zuwa biyar na dukan wasan, wani lokaci da ƙarin daƙiƙa biyu bayan kowane taku, sai kuma wanda ya fi shi sauri, na minti ɗaya ko biyu. Wayar salula ta fara bazuwa a Nijar tun 2001, kuma a ƙasa irin Adar, inda cin rani ke kai samari Kano da Legas da Abijan da Libiya, har ya zama mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin jera duwatsu da dasa itatuwa na shirin raya karkarar Keita da aka fara a 1984, wayar zamani takan dawo gida ne a aljihun ɗan cin rani. Ta wannan hanya ɗan Garhanga ke iya karawa da mutumin Indiya ko Rasha cikin minti shida, ya tashi da lamba wadda kakansa gwanin dara bai taɓa samun irinta ba.

Lambar tana da amfani na gaskiya, domin ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san baƙo ba, kuma tana haɗa mutum da tsararsa. Amma iyakarta a fili take. Lichess yana fara sabon ɗan wasa da 1500 na wucin gadi, lambobinsa kuma ba sa daidaita da na Chess.com ko na FIDE, saboda kowace lamba tana auna mutum ne da jama'ar da yake wasa a cikinsu. Bayan haka, a wasan minti uku lambar tana haɗa abubuwa da yawa wuri guda ba tare da ta rarrabe su ba: sanin buɗe wasa, saurin ganin tarko, natsuwa idan agogo ya kusa ƙarewa, har da ƙarfin layin sadarwa, wanda a ƙauyen da ke bayan dutse yana iya yankewa a tsakiyar wasan da aka riga aka ci. Tun bayan da na'urar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, kuma manhajar Stockfish ta fito a 2008, kwamfuta ta karɓi aikin dattijon da ke mayar da tsinke, domin bayan kowane wasa tana nuna takun da aka yi kuskure, tana auna asarar da kashi ɗaya cikin ɗari na darajar ƙaramin soja. Sai dai tana faɗin taku mafi kyau ne kawai, ba ta tambayar ɗan wasa abin da yake tunani lokacin da ya kauce, alhali a cikin wannan tunanin kuskuren yake zaune, kuma daga nan zai sake fitowa gobe.

Saboda haka hanyar gyara wasan mai bugun gaggawa, kamar yadda masu horarwa suka daɗe suna koyarwa, ta fi kusa da al'adar dandalin dara fiye da yadda ake zato. Ana fara ta ne da tara wasannin da aka rasa a rarraba su bisa dalili, a ga nawa ne agogo ya cinye, nawa ne aka bar ɗa a bakin ci ba tare da an lura ba, nawa ne aka fito daga buɗe wasa a karkace. Wanda mafi yawan faɗuwarsa daga agogo take yana buƙatar ya taƙaita tsare-tsaren buɗewarsa zuwa ɗaya ko biyu da ya sani sarai, domin ya adana daƙiƙoƙinsa ga tsakiyar wasa, wanda kuma ke zubar da 'ya'ya yana buƙatar mansubat, waɗanda dandalolin intanet ke bayarwa dubbai a kyauta, har idonsa ya saba da siffofin tarko. Ana kuma son ya riƙa buga wasa mai tsawo, na minti goma sha biyar ko fiye, domin saurin da ake gani a hannun gwanayen walƙiya tunani ne da aka yi a natse tun da farko har ya zama jiki. Sharaɗin da ya fi wuya shi ne ya duba wasansa da kansa, ko tare da aboki a kan allo ɗaya, ya faɗi inda yake zaton ya ɓata kafin ya tambayi kwamfuta, abin da maɓallin sabon wasa, wanda ke bayyana daƙiƙa ɗaya bayan faɗuwa, ke hana yawancin 'yan wasa yi. A wurin da kuɗin data ke da tsada, caji kuma ya dogara da farantin hasken rana, wannan ɓangare na horon shi ne mafi araha, tun da ana iya kwafe takun wasa a takarda a shimfiɗa shi a allon kwali, mutum uku ko huɗu su yi musu a kansa ba tare da an buɗe intanet ba.