Daular Kabi da Ƙasar Dandi

Garin Yelu, wanda ke cikin gundumar Gaya ta jihar Doso a Nijar, yana zaune ne a yankin da Dallol Mauri da Dallol Foga ke gangarowa zuwa kogin Kwara, kuma dallol na nufin tsohon kwarin kogi wanda ruwansa ya daina gudu amma ƙasarsa ta riƙe danshi. Kyangawa da Dandawa da Arawa na wannan ƙasa sun daɗe da sanin cewa arzikinsu gishiri ne, wanda ake samu ta hanyar kankaro ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya daskare, sannan fatake su ɗauka zuwa Bargu da Nufe. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa sarakunan Kabi ba su taɓa kawar da ido daga wannan yanki ba, daga gishirin nan da hanyar goro ta Gwanja ya kamata ya fara.

Kabi ta tashi ne daga ƙarƙashin inuwar daular Songhai. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ya raka sarkin Songhai Askiya Muhammadu yaƙin Agadas a wajen 1515, sai dai saɓani kan rabon ganima, kamar yadda littafin Tarihus Sudan ya nuna, ya sa ya yi tawaye, kuma rundunar da aka tura domin ta ladabtar da shi ta koma ba tare da biyan buƙata ba. Wani Askiya na daban, Muhammadu Bankan, ya sake gwadawa bayan 1530, shi ma ya sha kashi a Wantarmasa. Abin da ya ba Kanta wannan ƙarfi shi ne fadamun Gulbin Kabi, inda dawakin baƙo ke nutsewa cikin laka alhali jiragen Kabawa masunta na ratsa ruwa yadda suke so.

Babbar shaidar wannan zamani ita ce Surame, birnin da Kanta ya kewaye da ganuwar dutse, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa inda ake gina ganuwa da jar ƙasa, kuma har yau jerin duwatsun na nan a cikin daji yamma da Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda gidansu ya yaƙi Kabawa, bai ɓoye girman Kanta ba a cikin Infaƙul Maisuri, kuma yabon da ya fito daga abokin hamayya ya fi kowane yabo nauyi. Kanta ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16 sakamakon harbin kibiya a ƙasar Katsina, yana kan hanyar dawowa daga yaƙi da Barno.

Raunin daular yana cikin tsarinta, domin ƙasashen nesa gandu kawai suke biya, wato harajin da sarki ke aika wa wanda ya fi shi ƙarfi, kuma gandu yakan tsaya ranar da tsoro ya gushe. A 1674 Agadas ta ƙwace Adar daga hannun Kabi, Zamfara da Gobir suka miƙe, aka bar Surame kufai a farkon ƙarni na 18, sarauta ta koma Birnin Kabi, wadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805.

Duk da haka kuskure ne a ce Kabi ta mutu a nan. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye daga Argungu, kuma Zabarmawa da Arawa da mutanen Dandi suka mara masa baya, har Gwandu, masarautar gidan Abdullahi ɗan Fodiyo wadda aka yi wa tawayen, ta amince da sulhun da ake kira Lafiyar Toga a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Abin da yaƙi bai raba ba, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 zuwa 1906 suka raba shi, Argungu ta faɗa Najeriya, Yelu da Gaya suka faɗa Nijar.